Gishirin Aiki

Kowa Kulki yake kiran yayana. Mai gonar kifin da muke wa aiki ma, ranar da za a yi wa ma'aikata kati, sai da ya aiko a tambaye ni sunansa na gaskiya. Laƙabin ya fito ne daga wani guntun icce mai nauyi da yake kashe tarwada da shi, wanda jini da maiƙo suka mayar baƙi ƙirin. Amma ko babu iccen sunan zai zauna masa daram, don hannunsa ma kulki ne, ni ce kuma shaida ta farko. Mu biyu kaɗai uwarmu ta bari, ya girme ni da shekara tara. Shi ya rene ni, shi ya ciyar da ni, shi ya fasa mini leɓe sau biyu kafin in kai sha biyar. Ba don a tausaya mini nake faɗa ba. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, na taɓa rotsa masa kai da murfin tukunya, ɗinki shida aka yi masa. Da aka dawo daga asibiti tare muka ci abinci a kwano ɗaya.

Yana da shekara sha tara ya fara aiki a gonar, satin da aka binne uwarmu. Ba shi da inda zai bar ni, sai ya riƙa tafiya da ni, ya kifa baho ya zaunar da ni a kai, ya ce idan na motsa zai karya ni. A kan bahon nan na koyi aikin da ido, har na girma aka ba ni ɗakin banda, inda ake busar da kifi da hayaƙi.

Gonar kududdufan siminti ce guda goma sha biyu a jere, da rumfar kwano inda ake kashewa ana gyarawa, sai ɗakina a baya. Shekara ashirin da biyu Yaya ya yi cikin ruwan nan. Idan aka saki ruwan kududdufi ya rage iya idon sawu, shi ke fara dira ciki, babu takalmi. Wanda bai taɓa ganin tarwada ɗari biyar a ruwa kaɗan ba bai san tashin hankali ba. Suna dukan juna, suna dukan bango, kowace da ƙaya biyu a gefen kai, masu kaifin da za su huda tafin ƙafa su ɓullo ta sama. Ƙafafun Yaya duk tabo ne har gwiwa. Yakan cafko babba ta bayan kai, ya kifa ta a kan katako, ya sauke mata kulki a tsakar ka. Sau ɗaya tak. Da wannan yake taƙama, fiye da yadda wasu ke taƙama da 'ya'yansu.

Ƙanana da matsakaita kuwa babu mai lokacin bin su ɗaya-ɗaya. Akan juye su a babban baho, a watsa musu gishiri cike da kwano, a rufe da katako, Yaya ya hau ya zauna a kai. Gishirin yana cin fatarsu, sai su haukace. Za ka ji bahon yana rawa, ana dukan murfin daga ciki kamar an kulle mutane a ɗaki wuta ta kama. Shi kuwa yana zaune yana sakace haƙori. Bayan minti goma sai tsit. A buɗe, yauƙin jikinsu ya saki, kumfa ta taso da jini-jini. Daga nan aikina ne: in farke ciki, in wanke, in sake barbaɗa gishiri don kada su ruɓe, in lanƙwasa, in jera a wayar banda. A wurinmu gishiri kayan aiki ne, kamar wuƙa da ruwa. A buhu ake sauke mana shi, a jingine kusa da itacen wuta.

Zuciyarsa a kusa take. Wani direba ya taɓa jefar da bahon kifi daga kan mota, wai ana ɓata masa lokaci. Yaya ya nufe shi. Ya ɗaga mutumin nan cak, ya jefa shi cikin kududdufi na huɗu da ba a kwashe ba tukuna. Sai da mutum uku suka ciro shi, ƙaya ta yi masa jina-jina. Mai gona ya kori Yaya da safe, ya aika a kira shi da yamma, don babu mai iya aikinsa. Matarsa ce kaɗai bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Idan ta ɓata masa rai ƙofa yake duka, ƙofar ɗakinsu sau uku ana sauya ta. Baiwar Allah ce marar hayaniya, Anti nake kiranta. Ta iya karanta wata jijiya da ke tashi a gefen goshinsa, da ta ga ta taso sai ta ja 'ya'yanta su fita tsakar gida.

Amma ku je ku gan shi a kan 'yan ƙananan kifi, waɗanda ba su kai farce ba. Mutumin nan da murya ƙasa-ƙasa yake musu magana. Da tafin hannu yake raba manya da ƙanana don kada su cinye juna, a hankali, yana hura hanci. Ni bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba, kuma na daɗe ina jin haushin hakan.

Bara, wata Talata da hantsi, yana cikin aiki sai jini ya ɓalle masa ta hanci. Da farko ba wanda ya lura, don a rumfar nan jini ba baƙo ba ne. Sai da na ga yana ɗiga daga haɓarsa. Aka danna, aka sa ruwan sanyi, ya ƙi tsayawa. Da ƙyar muka kai shi ƙaramin asibitin unguwa, yana zaginmu duk hanya. Nas ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake, ta tashi ta ɗauko wani injin ta sake.

"Malam, da ƙafarka ka zo nan?"

"A'a, tarwada na hawo," in ji shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce jininsa ya hau inda mutum kan faɗi ya kasa tashi. Ta kira likita, aka rubuta masa ƙwaya, ɗaya kullum da safe har iya rayuwa. Aka ce ya bar gishiri, ya bar fushi. Da aka zo kan fushin dariya ta kuɓuce mini, ya harare ni. Dariyar ta baki ce kawai. Na tsorata ranar, don duk duniya mutumin nan kaɗai ya san ni tun ina rarrafe.

Gishirin abinci ya bari, in ba shi haƙƙinsa. Anti ta koma dafa masa nasa daban, lami, yana ci yana tsaki. Ƙwayar ce ta zama rigima. Tana sa shi jiri, tana sa shi fitsari ba dare ba rana. Rannan a gaban masu saye ya sauke kulki a kan wata ƙatuwar tarwada, ta zille. Ya sake, ta zille. Sai a na uku ta kwanta. Wani daga baya ya ce, "Kai, Kulki ya zama tsinke." Aka kwashe da dariya. Ya fasa wa mai maganar hanci, amma maganar ta riga ta shige shi. An gaya masa tun farko idan ƙwayar ba ta karɓe shi ba ya koma a sauya masa wata. Bai koma ba.

A shekarar kifi ya yi yawa. Duk gonakin da ke kewaye suka kwashe lokaci guda, masu saye suka yi ta yanga. Namu suka wuce girman da kasuwa ke so, suka fara cin juna. Da safe sai ka tarar da kawuna suna yawo a saman ruwa, ko wata da rabin 'yar'uwarta a baki, ta kasa haɗiyewa ta kasa amayarwa. Na yi banda har idona ya fara gani dishi-dishi, ba a ci rabi ba. Mai gona ya sa aka haƙa rami a bayan katanga ana binne rarar. Yaya ne ke turawa a baro, yana juyewa yana ƙunƙuni, kifin da ya yi wata bakwai yana ciyarwa da hannunsa.

Ana cikin haka wata mata ta zo da mota da manyan kuloli cike da ƙanƙara. Malamar bincike ce daga wata jami'a, siririya mai tabarau. Ta ce rarar da muke binnewa take so. Sharaɗinta ɗaya: kada gishiri ya taɓa su, a kashe kowace da hannu a saka a ƙanƙara nan take. Ma'aikata suka dubi juna, wai tsirfar 'yan boko. Yaya ya tuɓe riga. Ɗari da tamanin ya kashe mata kafin rana ta take, jini har girarsa, malamar ta juya baya tana danna waya.

Yana wanke hannu ya tambaye ta me za ta yi da su. Ta ce a naman kifi akwai sinadarin gina jiki. Suna narkar da shi a ɗakin gwaji, su tace, su fitar da wani gari, suna so su gani ko zai taimaka wajen sauko da hawan jini.

Yaya ya tsaya cak da sabulu a hannu. "Hawan jini? Wannan kifin da nake binnewa?"

"Gwaji muke yi tukuna, malam. Ba magani ba ne. Ko a kan mutane ba mu fara ba. Mai hawan jini ya riƙe ƙwayarsa."

Ina tsaye na ji ta faɗi duk wannan. Shi ma yana tsaye. Amma Yaya idan magana ta kai inda yake so, nan yake rufe kunne, sauran ta bi iska.

Washegari ya roƙi mai gona baho biyu daga rarar. Ya kashe su yadda muka saba. Na farke, na barbaɗa gishiri yadda na saba, har na ƙara, don ya ce so yake su daɗe. Na busar da su kwana uku har suka yi ƙamas, ya kai injin niƙa, ya dawo da rabin buhun gari mai ruwan ƙasa. Cokali uku a ruwan zafi da safe, uku da rana, uku da yamma. Yana sha yana lumshe ido yana cewa, "Su yi ta tacewa a kwalba. Ni za a gaya wa kifin nan? Na san shi tun yana ƙwai."

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne da hannuna na zuba gishirin nan. Ni da nake tayar wa Anti da hankali idan na ga ta manta ta sa ɗan kaɗan a miyarsa. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abu ɗaya ne. Na kicin yana cikin 'yar roba mai murfi, shi ne likita ya hana. Na rumfa yana cikin buhu, da kwano ake ɗiba, shi na aiki ne. Shekara da shekaru ba mu taɓa sa shi cikin abin da ake ci ba. Shi kuma bakinsa ya yi wata biyu bai ɗanɗani gishiri ba, daɗin da ya ji a garin nan ya ɗauka ƙarfin maganin ne.

Kuma ƙarfin ya dawo. Jiri ya tafi, kulki ya koma sau ɗaya, har ya nemi mai maganar tsinke ya ce ya zo ya kalla. Na yi murna, na ɗauka garin ne. Ban san ƙwayar ya daina sha ba.

Bayan sati shida malamar ta dawo ɗaukar wani kifin. Yaya yana can kududdufi na ƙarshe yana kwasa. Ni da rawar kai na ɗebo garin a murfin kwano na kai mata, ina washe baki, na ce mu ma mun yi namu. Ta dangwala da yatsa ta sa a harshe. Ta tofar.

"Wa yake shan wannan?"

"Yayana. Cokali tara a rana."

"Yana da hawan jini?"

Na ce ai shi ya sa ma.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Baiwar Allah, wannan ai zallar gishiri ne. Yana shan ƙwayarsa?"

Na buɗe baki in ce e, sai na tuna rabon da in ji ya yi ƙorafin jiri. Na kira Anti a waya. Ta fashe da kuka. Ta ce tun ranar da ya kawo garin ya juye ƙwayoyin a masai, ya rantse idan ta faɗa mini ba zai ƙara cin abincinta ba. Kwana huɗu ke nan yana tashi yana riƙe ƙeya, jiya ya ce mata yana ganin abu biyu-biyu.

Malamar ta kama hannuna. "Yau ɗin nan a auna shi, kada a kai gobe. Amma ki lallaɓa shi, kada ki tayar masa da hankali. Ko in yi masa magana da kaina?"

Na ce ta bari, yayana ne, na san yadda zan bi da shi.

Ƙarya na yi mata. Ban san yadda ake lallaɓa mutum ba, ba wanda ya taɓa koya mini. A gidanmu idan kana jin tsoron kada wani ya mutu, zaginsa kake yi. Na shiga ɗakin banda, inda yake ajiye buhun don kada danshi ya kama shi. Idona ya rufe. Na jawo buhun, na buɗe bakin murhu, na juye shi duka a kan garwashi. Gishirin ya hau fashewa, tas, tas, tas, hayaƙi mai ƙauri ya turnuƙe ɗakin. Ƙaurin ne ya jawo shi. Ya tsaya a bakin ƙofa jiƙe sharkaf, kulki a hannu.

"Ke Auta, me kike ƙonawa?"

"Ajalinka nake ƙonawa, wawan banza. Ina ƙwayarka?"

Marin da ya ɗauke ni da shi sai da na ga wuta. Na faɗa kan wayar banda mai zafi, ta toye mini hannu. Na tashi da ƙarfen da nake tona garwashi na maka masa a kafaɗa. Ya shaƙe ni da hannun hagu ya haɗa ni da bango. Ina kallon jijiyar goshinsa, ta taso ta kai kaurin yatsa. Na san abin da take nufi. Na san abin da likita ya ce, malamar kuma ba ta fi minti biyar da gargaɗina ba. Duk da haka ban yi shiru ba. Na tofa masa yawu a fuska, na ce, "Kashe ni mana. In ya so ka biyo ni kafin sati, ka bar wa 'ya'yanka buhun gishiri."

Ya ɗaga kulkin. A duk faɗan da muka yi tun ina yarinya bai taɓa ɗaga mini shi ba. Na rufe ido. Sai na ji iccen ya faɗi ƙasa ya gangara. Da na buɗe ido hannunsa na dama yana reto a gefensa, yana kallonsa kamar na wani ne. Gefen bakinsa ya zamo ƙasa. Ya ce wani abu, ba magana ba ce. Hannun da ke wuyana ya saki, ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya daki bakin murhu.

Ni na ja shi waje ta hammata ina ihu. A motar malamar aka kai shi babban asibiti, a kwance tsakanin kulolin kifi, kansa a cinyata, jinin goshinsa yana jiƙa mini zane. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Na bi shi har baranda na tambaye shi, gishirin ne, ko barin ƙwayar, ko faɗan? Ya ce duka suna iya yi, ba zai iya raba mini ba. Na so ya zaɓi ɗaya. Ko da ni ce, da ya faɗa, da na san abin da na ɗauka.

Kwana ashirin da shida ya yi, aka sallamo shi da ɓarin dama a shanye. Malamar ta zo duba shi sau biyu, tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifin. Ta ce yanzu duk gonar da ta je sai ta tara ma'aikata ta maimaita musu sau uku cewa ba magani ba ne. A gonarmu mutum biyu aka ɗauka a madadinsa, kuma har yau sau uku-uku suke duka.

Yanzu yana kwance a ɗakinsu a kan katifa a ƙasa, Anti ke juya shi, ita ke wanke shi. Maganarsa ba ta dawo ba sai kalma ɗaya ko biyu. Kuma ya ƙi shan ƙwaya. Ba don garin ba, ya san abin da garin ya yi. Likita ne ya faɗa a gabansa cewa idan ya bar ƙwayar, faɗuwa ta biyu ba za ta bar shi da rai ba. Na ga yadda ya ji maganar, na kuma san yayana. Ita yake jira. Anti ta gwada roƙo, ta gwada kuka, ta gwada niƙawa a shayi, ya gane ya watsar da kofin. 'Ya'yansa suka durƙusa a gabansa, ya juya fuska bango.

Na san an hana a ɓata masa rai. Na auna ɓacin ran da barin ƙwayar, na ɗauki wanda na iya. Kullum da safe kafin in wuce gona sai in biya. In ce wa Anti ta fita da yara, in rufe ƙofa. In danne hannunsa mai lafiya da gwiwata, in matse masa muƙamuƙi har baki ya buɗe, in tura ƙwayar can ciki da yatsa, in bi ta da ɗan ruwa, in riƙe haɓarsa sai na ga maƙogwaro ya motsa. Yana gurnani, idonsa jawur a kaina, hawaye na gangara cikin kunnensa. Ina cewa, "Tsane ni, Yaya. Tsane ni da kyau, amma ka haɗiye."

Satin farko ko motsin kirki ba ya iya yi. Da hannu ɗaya nake gamawa da shi, in fito in yi amai a bayan gida, don ban taɓa zaton zan ga ranar da zan fi shi ƙarfi ba, kuma ban so ta ba. Shekaranjiya kuwa ina tura yatsa ya datse shi da haƙora. Ya riƙe, ya ƙi saki, na ji ya kai ƙashi. Da ƙyar na ƙwace, jini yana bin hannuna yana ɗiga a ƙirjinsa. Ƙwayar dai ta wuce. Anti ta shigo da gudu, ta ga hannuna, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah, Auta! Ki bari haka nan, zai cire miki yatsa."

Na naɗe yatsan da bakin zane, ina kuka ina dariya. Wata biyu da suka wuce bakin nan ko cokali ba ya iya riƙewa.

"Anti, ki ƙara masa abinci," na ce. "Gobe da hannun hagu zan zo."